Dokokin TCP: yadda gyara a cikin babbar manhaja ke ƙara saurin sauke bayanai daga intanet

Idan fayil ya yi ta jan ƙafa wajen saukowa, ko shafin biyan kuɗi ya tsaya yana ta juyi, kamfanin sadarwa ne aka fi ɗora wa laifi, kuma sau da yawa laifin nasa ne. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika ambato ba, alhali shi ke yanke hukunci a kan yawan bayanin da za a tura a kowane sakan. Wasu dokoki ne da aka rubuta a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, irin su Linux da Windows da Android da iOS. Kwamfuta biyu suna iya hawa layi ɗaya mai ƙarfi ɗaya, guda ta sauke fayil cikin minti ɗaya, ɗayar kuma ta kwashe minti biyar ko fiye, ba don komai ba sai don bambancin waɗannan dokoki.

Dokokin suna zaune ne a zuciyar babbar manhajar, wurin da masana ke kira kanel. Shi ne ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura, kuma duk manhajojin da ke cikin waya ko kwamfuta ta hannunsa suke aikawa da karɓar bayani. Linux ce za a fi ambato a nan saboda dalilai biyu: a kanta mafi yawan sabobin duniya ke aiki, wato manyan kwamfutocin da ke aiko da shafuka da bidiyo, sannan a kan kanel ɗinta aka gina Android. Rubutun umarninta a buɗe yake ga kowa, shi ya sa tarihin kowane gyara da aka yi mata sananne ne.

Fakiti da rasit

Ba a tura fayil a dunƙule ta intanet. Yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti, kuma a mafi yawan hanyoyi fakiti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da bayit 1,460 na ainihin bayanin. Hoto mai nauyin megabayit 3 ya kan zama fakiti sama da dubu biyu. Tsarin da ke kula da cewa duk sun isa, a jere, babu wanda ya ɓata, shi ne TCP. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fara bayyana tushensa a 1974, aka fitar da ƙa'idarsa a hukumance a 1981, sannan hanyar sadarwar ARPANET ta Amurka, kakar intanet ta yau, ta koma kansa ranar 1 ga Janairun 1983.

Aikinsa ya yi kama da na ɗan kasuwar da ke Legas yana aika kaya ga abokin cinikinsa a Kano. Duk kayan da ya isa, na Kano zai aiko da rasit. Idan rasit ɗin wani buhu bai zo ba, na Legas zai ɗauka ya salwanta a hanya, ya sake aika wani. Abin tambaya shi ne buhu nawa zai yarda su kasance a kan hanya a lokaci ɗaya kafin ya ga rasit. Wannan adadi shi ake kira taga. Idan tagar ƙarama ce, zai aika kaɗan ya zauna jira, titi kuma ya kasance fayau babu mota. Idan ta yi girma fiye da kima, motocinsa za su toshe hanya, nasa kayan da na sauran jama'a duk su maƙale.

Saurin saukewa bai wuce lissafi ɗaya ba: girman taga a raba da lokacin da fakiti ke ɗauka ya je, rasit ɗinsa ya dawo. Ana auna wannan lokaci na zuwa-da-dawowa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Nisa da ƙaramar taga

Waɗanda suka tsara TCP sun ware wa girman taga gurbi mai bit 16 kacal, don haka mafi girman abin da za a iya rubutawa a wurin shi ne bayit 65,535. A 1981 wannan adadi ya yi yawa har ya yi rara. Amma idan zuwa-da-dawowa ya kai milisakan 150, taga mai wannan girma ba za ta ba da fiye da megabit 3.5 a sakan ba, ko da layin da aka saya na megabit 20 ne ko na 100. Domin a cika layin megabit 20 a irin wannan nisa, dole bayit 375,000 su kasance a kan hanya a kowane lokaci, kusan ninki shida na tsohuwar iyakar.

Wannan lissafi ya fi shafar mazauna Afirka ta Yamma fiye da mazauna Turai, domin yawancin sabobin da ake nema suna nesa. Haske yana tafiya kimanin kilomita 200,000 a sakan a cikin wayar gilashi. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Fotugal da Legas, tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, saboda haka zuwa da dawowa a cikinta kaɗai na cin milisakan 70, kafin a ƙara tafiyar Kano zuwa Legas da ta Fotugal zuwa inda sabar take, da jinkirin turken waya. Babu injiniyan da zai rage wannan, domin gudun haske ne ya gindaya shi. Tauraron ɗan Adam irin na da, mai tsayuwa a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, ya fi muni: saƙo zai hau ya sauka, amsa ta hau ta sauka, kusan rabin sakan ke nan, kuma tsohuwar taga ba za ta wuce megabit 1.1 ba. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne a nisan kilomita 550 ko makamancin haka, wanda shi ne babban dalilin da ya sa jinkirinsu ya yi ƙasa.

An fitar da maganin wannan matsala a 1992. Na'urorin biyu suna yarjejeniya tun farkon haɗuwa cewa za a riƙa ninka adadin da aka rubuta a gurbin taga, ta yadda tagar za ta iya kai wa kusan gigabayit ɗaya. Sai dai an daɗe ba a ci moriyar abin ba. A zamanin Windows XP, masu son sauri sai sun shiga cikin saitin manhaja sun ƙara girman tagar da hannunsu, kuma daga nan ne kasuwar manhajojin da ke da'awar ƙara gudun intanet ta samo asali. A lokacin suna da ɗan amfani na gaske. Linux ta koyi daidaita tagar da kanta a farkon shekarun 2000, Windows kuma ta bi sahu da fitowar Vista a 2007: kanel yana auna nisan hanya da saurinta, yana faɗaɗa tagar gwargwadon bukata.

Ranar da intanet ta durƙushe

Tagar da aka yi bayani a sama ta mai karɓa ce, tana faɗin abin da zai iya ɗauka. Ba ta cewa komai game da abin da hanyar da ke tsakani za ta iya ɗauka, kuma a shekarun farko babu wata doka da ta tilasta wa mai aikawa ya damu da hakan. A watan Oktoban 1986 aka ga sakamakon. Tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, saurin aika bayani ya faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40. Hanyoyi sun cika, fakitoci suna zubewa, kowace kwamfuta tana sake aika abin da ya zube, sake aikawar kuma tana ƙara cika hanyar.

Van Jacobson, wani mai bincike a ɗakin binciken, tare da Michael Karels na jami'ar, su suka gano bakin zaren, kuma suka bayyana gyaran a 1988. Ba su ja sabuwar waya ba, ba su sayi sabuwar na'ura ba. Dokokin da ke cikin babbar manhajar BSD suka sauya. Sun ƙara wa mai aikawa taga ta biyu, tagar cunkoso, wadda shi da kansa zai riƙa lissafawa. Zai fara da fakiti ɗaya. Duk zagayen da rasit ya dawo lafiya, ya ninka: biyu, huɗu, takwas. Da zarar fakiti ya ɓata, ya ɗauka hanya ta cika, ya ja da baya sosai, sannan ya ci gaba da ƙara fakiti ɗaya tak a kowane zagaye. Sigar da ta fito a 1988 ana kiranta Tahoe. Wadda ta biyo baya a 1990, mai suna Reno, ita ce ta daidaita a kan rage tagar zuwa rabi idan an yi asarar fakiti.

Wannan dabara ce ta riƙe intanet shekara da shekaru, kuma abin mamaki a cikinta shi ne babu wani ɗan sanda a tsakiya. Kowace kwamfuta ce ke kame kanta bisa doka ɗaya, hanyar kuma ta rabu tsakanin masu amfani da ita kusan daidai wa daida.

Amma dokar tana da rauni biyu da suka fito fili yayin da hanyoyi suka ƙara faɗi. Na farko, hawa da fakiti ɗaya-ɗaya ya yi jinkiri ƙwarai. A layi mai gigabit 10 da zuwa-da-dawowa na milisakan 100, ana bukatar fakiti fiye da 83,000 a kan hanya kafin layin ya cika. Fakiti ɗaya ya ɓata, taga ta koma rabi, sai an yi zagaye sama da 41,000 kafin a dawo inda ake, wato fiye da awa ɗaya. Na biyu, dokar ta ɗauka cewa duk fakitin da ya ɓata cunkoso ne ya ɓatar da shi. A kan waya mai igiya hakan kusan gaskiya ne. A kan iska kuwa, ruwan sama ko katanga ko tafiyar mota daga turke zuwa turke duk suna iya jawo asara alhali hanyar ba ta cika ba. Wani lissafi da Matt Mathis da abokan aikinsa suka fitar a 1997 ya nuna yadda abin ke ciwo: idan fakiti ɗaya cikin ɗari yana ɓata, zuwa-da-dawowa kuma milisakan 100 ne, Reno ba za ta wuce kimanin megabit 1.4 a sakan ba, komai faɗin layin.

Raunin farko shi aka fara magancewa. Masu bincike a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, Injong Rhee da Sangtae Ha, tare da Lisong Xu, suka fito da CUBIC. Idan fakiti ya ɓata, tana rage tagar da kashi 30 cikin 100 ne a maimakon rabi, ta tuna matsayin da take kafin asarar, ta yi sauri ta koma kusa da shi, ta lallaɓa a wurin na ɗan lokaci, idan ba ta ga matsala ba ta sake zabura sama. Hawanta ya dogara ne da lokacin da ya wuce, ba yawan zagaye ba, abin da ya rage zaluncin da ake yi wa na nesa. Linux ta mayar da ita dokarta ta asali a sigar 2.6.19 a ƙarshen 2006. Apple ta karɓe ta daga baya, Microsoft ma ta sanya ta a Windows 10 a 2017. A yau ita ce dokar da ta fi yaɗuwa, kuma ita ce a cikin akasarin wayoyin Android.

Lamba ɗaya da aka sauya

Akwai gyaran da bai wuce sauya adadi guda ba, amma mai karanta jarida a waya ya fi jin amfaninsa fiye da duk na sama. Mafi yawan abin da ake saukewa a rana ƙanana ne: shafin labari, hoton kaya, rasit na banki. Irin waɗannan suna ƙarewa tun tagar cunkoso ba ta gama buɗewa ba, don haka adadin da aka fara da shi ne ke da muhimmanci. Ƙa'idar 2002 ta amince a fara da kusan fakiti uku. A 2010 injiniyoyin Google suka kawo hujjar cewa a mayar da shi goma. Linux ta yi hakan a sigar 2.6.39 a 2011, aka kuma rubuta shi a takardar ƙa'ida a 2013.

Shafi mai nauyin bayit 100,000 fakiti 69 ne. Idan an fara da uku ana ninkawa, sai an yi zagaye biyar kafin ya kammala. Idan an fara da goma, zagaye uku ya isa. Ga wanda ke zaune kusa da sabar, zagaye biyun da aka rage ba abin lura ba ne. Ga wanda zagayensa ke cin milisakan 200, an rage masa kusan rabin sakan a haɗuwa ɗaya, kuma shafi guda kan buɗe haɗuwa da sabobi da dama.

Layin da ya yi tsawo

Kowace rauta da kowane turke suna da wurin ajiye fakitocin da suka zo a lokacin da hanya ke cike, su jira a layi. Da ma'ajiyar kwamfuta ta yi arha, masu ƙera na'urori suka riƙa faɗaɗa wurin jiran, da niyyar kada fakiti ya zube. Niyyar mai kyau ce, amma ta ci karo da dokar Jacobson. Reno da CUBIC ba sa sassautawa sai sun ga asara, don haka sai sun cika wurin jiran maƙil komai girmansa. Wurin jira mai kilobayit 256 a kan layin da ke fitar da megabit ɗaya a sakan yana nufin duk fakitin da ya zo zai tsaya kusan sakan biyu.

Wannan shi ne abin da ke faruwa a ofis ko shago idan mutum ɗaya ya fara ɗora bidiyo, sai kiran murya na kowa ya fara yankewa, na'urar POS ta tsaya tana jira, alhali gwajin sauri yana nuna layin lafiya lau. Saurin yana nan, jinkirin ne ya ninku. Jim Gettys, wani tsohon injiniyan manhaja a Amurka, shi ya bankaɗo matsalar a 2010 bayan ya binciki intanet ɗin gidansa. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da CoDel, wadda ba ta duba yawan fakitocin da ke layi, sai tsawon lokacin da kowanne ya yi yana jira. Idan jiran ya zarce milisakan 5 kuma ya ci gaba a haka tsawon milisakan 100, sai ta zubar da fakiti da gangan domin mai aikawa ya farga da wuri. Eric Dumazet ya haɗa ta da dabarar ware wa kowace haɗuwa layinta, ta yadda ƙaramin saƙon banki ba zai tsaya bayan babban bidiyo ba. Haɗin ya shiga Linux 3.5 a shekarar, da sunan fq_codel, kuma yana cikin manhajar OpenWrt da ake sanya wa rautoci.

BBR

A 2016 wata tawaga a Google, da ta haɗa da Neal Cardwell da Yuchung Cheng da shi Van Jacobson ɗin, ta kawo dokar da ta bar tsohuwar hanyar gaba ɗaya. BBR ba ta jiran fakiti ya ɓata. Abu biyu take aunawa a kai a kai: mafi girman saurin da rasit ke dawowa da shi, wanda ke nuna faɗin mafi ƙuncin wuri a hanyar, da mafi ƙanƙantar lokacin zuwa-da-dawowa, wanda ke nuna ainihin nisan idan babu layi. Ta ninka biyun ta san abin da hanyar ke ɗauka, sannan ta riƙa sakin fakitoci ɗaya bayan ɗaya da tazara daidai, ba a tare ba. Lokaci-lokaci tana ƙara gudu da kashi 25 cikin 100 na zagaye ɗaya don ta ga ko hanya ta ƙara buɗewa, ta rage da kwatankwacin haka a zagaye na gaba don ta kwashe layin da ta tara. Idan sakan goma suka wuce ba ta sami sabon awon nisa ba, sai ta sauko zuwa fakiti huɗu na kimanin milisakan 200 ta sake aunawa. Tun 1979 Leonard Kleinrock ya nuna cewa wannan matsayi, hanya a cike kuma layi babu kowa, shi ne mafi kyau. An daɗe ana ganin ba za a iya kai wa gare shi a aikace ba.

BBR ta shiga Linux a sigar 4.9 a Disambar 2016. Alƙaluman da Google ta bayar sun ce saurin YouTube ya ƙaru da kashi 4 cikin 100 a matsakaicin duniya, da fiye da kashi 14 a wasu ƙasashe, jinkiri kuma ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa. A wani gwaji da kamfanin ya bayyana, na layi mai gigabit 10 da milisakan 100 da asarar fakiti ɗaya cikin ɗari, CUBIC ta ba da kimanin megabit 3.3 a sakan, BBR ta ba da 9,100. Ya kamata a riƙe cewa mai abin ne ya fitar da waɗannan alƙaluma, kuma gwajin na ƙarshe an zaɓe shi ne a inda tsohuwar doka ta fi rauni. Kashi 4 ɗin shi ya fi kusa da abin da yawancin mutane suka gani.

Dokar ba ta rasa masu suka ba. Masu bincike a cibiyar fasaha ta Karlsruhe da ke Jamus sun nuna a 2017 cewa idan wurin jira ƙarami ne, BBR tana iya jawo asarar fakitoci da yawa, ta kuma danne haɗuwar da ke bin CUBIC a kan layi ɗaya, tun da waccan tana ja da baya idan ta ga asara, ita kuwa ba ta ja. Google ta fitar da siga ta biyu a 2019 da ta uku a 2023, waɗanda suka koma kula da asarar fakiti zuwa wani mataki.

A hannun wa gyaran yake

A nan ne aka fi yaudarar jama'a. Tagar cunkoso ta mai aikawa ce. Idan mutum yana sauke fayil, sabar da ke can nesa ce mai aikawa, kuma dokar da ke cikinta ce ke aiki, ba wadda ke cikin wayarsa ba. Wanda ya kunna BBR a kwamfutarsa ya gyara abin da yake ɗorawa ne kawai. Abin da ke hannun mai saukewa shi ne tagar karɓa, ita kuwa duk babbar manhaja ta zamani tana daidaita ta da kanta. Manhajar da ke cewa za ta ninka gudun intanet a waya ba ta ma da izinin taɓa kanel ɗin Android sai idan an fasa kariyar wayar. Abin da irinsu suka fi yi shi ne rufe wasu manhajoji da nuna talla, tallar kuma daga datar mai wayar take ci.

Mai kwamfutar Windows yana iya duba abu ɗaya. Umarnin netsh interface tcp show global yana nuna matsayin daidaita tagar karɓa, kuma ya kamata a ga kalmar normal a gabansa. Wasu tsofaffin shawarwari da ke yawo sun sa mutane sun kashe shi, wanda ya kashe kuwa ya mayar da kansa iyakar bayit 65,535 ta 1981. Yana da kyau kuma a tuna cewa kamfanoni suna sayar da layi da megabit, na'ura kuma tana nuna saukewa da megabayit, bit takwas ne a bayit ɗaya. Layin megabit 8 da ke nuna megabayit ɗaya a sakan yana aiki daidai.

Waɗanda gyaran ke hannunsu da gaske su ne masu kula da sabobi: na bankuna, jami'o'i, ma'aikatu, hukumomin jarrabawa da shagunan intanet. Shafin da akasarin masu ziyartarsa ke shigowa ta wayar hannu, daga nesa, a kan hanya mai asara, shi ne irin wanda zaɓin doka ke yi wa tasiri. A Linux saiti biyu ne: net.ipv4.tcp_congestion_control na zaɓar doka, net.core.default_qdisc na zaɓar tsarin layi. Sauya su ba ya cin kuɗi, amma sai an auna kafin da bayan sauyin a kan masu amfani na gaske, domin sabar da matsalarta ƙarancin ƙarfi ce ko rumbun bayanai mai nauyi ba za ta warke da wannan ba. Ofishin da mutane da yawa ke raba layi ɗaya kuwa zai fi amfana da rauta mai tsara layi irin na fq_codel fiye da ƙarin megabit.

Tun da nisa yana cikin kowane lissafi, rage shi ya fi kowace dabara. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, da aka kafa a 2006, aikinta ke nan: bayanin da ya tashi daga kamfani ɗaya zuwa wani a cikin ƙasa ya wuce kai tsaye ba sai ya je Turai ya dawo ba. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, an karkatar da zirga-zirga ta wasu hanyoyi masu tsawo da cunkoso, kuma ayyukan da sabobinsu ke ƙetare ne suka fi jin jiki.

Fita daga kanel

Babbar matsalar gyara a cikin kanel ita ce jinkirin isarsa ga jama'a. Wayar Android da aka saya shekaru biyar da suka wuce galibi tana kan jerin kanel ɗin da ta zo da shi. Bayan haka, akwai na'urori a tsakiyar hanya da suka haddace tsohon fasalin TCP, suna watsar da duk fakitin da ya zo da sabon abu. Saboda haka Google ta fara gina QUIC a 2012, bisa tsarin Jim Roskind. QUIC tana yin aikin TCP, da rasit da taga da dokar cunkoso, amma a cikin manhajar da mutum ke amfani da ita, kamar Chrome ko YouTube, ta yadda sabunta manhajar ya isa a kawo sabuwar doka. Tana haɗa gaisuwar buɗe hanya da ta ɓoye sirri a zagaye ɗaya, fakitin da ya ɓata na hoto ɗaya ba ya tsayar da sauran shafin, haɗuwar kuma tana iya ɗorewa idan waya ta bar Wi-Fi ta koma data. An amince da ita a matsayin ƙa'ida a Mayun 2021, HTTP/3 da aka gina a kanta kuma a Yunin 2022.

Duk da haka aiki a cikin kanel bai tsaya ba, sai dai hankali ya karkata ga nauyin da fakitoci ke ɗora wa injin kwamfuta. A al'ada, katin sadarwa yana katse wa injin aiki idan fakiti ya iso, kuma a sabar da ke karɓar dubban ɗaruruwa a sakan katsewar kanta tana cinye ƙarfi. Martin Karsten da ɗalibinsa Peter Cai na Jami'ar Waterloo a Kanada sun nuna cewa idan aka dakatar da katsewar a lokacin da aiki ya yi yawa, aka bar manhaja ta riƙa ɗebo fakitocin da kanta, sannan aka mayar da ita idan aiki ya lafa, yawan abin da sabar ke sarrafawa yana ƙaruwa har zuwa kashi 45 cikin 100 a wasu gwaje-gwaje. Karsten da Joe Damato na kamfanin Fastly suka mayar da binciken gyara mai layi kusan 30, wanda ya shiga Linux 6.13 a Janairun 2025.